Kwaɗo biyu a ƙofar shagona

Saura kwana tara a yi Ƙaramar Sallah na iso shago bayan Asuba, na tarar an ɗora wani kwaɗo a saman nawa. Sabo dal, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba. A ciki akwai keken ɗinki uku da shaddodin mutane sun fi talatin, wasu na yanka, wasu ko almakashi ban sa musu ba. Duk telan da ya taɓa yin azumi a kan keke ya san abin da kwana tara ke nufi.

Shagon na masallacin unguwarmu ne a Tudun Wada ta Kaduna. Shaguna shida ne jere a jikin katanga, wani bawan Allah, Allah ya jiƙansa, ya gina su ya yi wakafi, don kuɗin hayarsu ya riƙa biyan wuta da ruwa da ɗan abin da ake ba ladan. Mahaifina ya kama na uku tun ina firamare, a nan na koyi sa zare a allura, da ya rasu na ci gaba. Shekara-shekara muke biya, hannu da hannu. Tsohon ma'aji ya rubuta a wani littafi mai baƙar bango, ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Ba mu taɓa neman rasit ba. Wa zai nemi rasit a hannun mutumin da ke tsaye kusa da shi a sahu?

Da aka naɗa sabon kwamiti sai takarda ta zo. Haya ta tashi daga naira dubu 60 zuwa dubu 180, wanda bai yarda ba ya kwashe kayansa cikin mako biyu. Alhali saura wata biyar kuɗina ya ƙare.

Gaskiya ɗaya ce, kwamitin suna da hujja. Tun da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 'yan kasuwa suka bazu cikin unguwanni suna neman inda za su raɓa, haya ta hau ko'ina. Aka cire tallafin mai a 2023, man janareton da ake sallar Tarawihi da shi ya zama abin da sai an yi karo-karo. Kuma a cikinmu akwai wanda ya ba wani shagonsa haya a kan ninki uku, yana zaune a gida yana cin riba da ginin masallaci. Ni kaina na san dubu 60 ta yi araha, da an kira mu an zauna da ba a kai ga kwaɗo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ɗaya daga cikinsu ya yaɓa mini a gaban yarana na shago: "Dukiyar Allah kuke ci." Mahaifina ya yi shekaru yana ɗinka wa limamai biyu kayan Sallah bai karɓi ko sisi ba.

Wani lauya da nake yi wa ɗinki, wanda shaddarsa ma tana cikin waɗanda aka kulle, shi ya zaunar da ni a kan benci ya warware mini. Ya ce in babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biyan haya shekara-shekara wata shida ake ba shi a rubuce, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai shi kotu. Kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatanta ne kuma ke zuwa su fitar. Sa kwaɗo, ko cire ƙofa, ko yaye kwano, duk ɗaukar doka ne a hannu, ko da mai ginin masallaci ne ko coci. Ya ba ni labarin Ojukwu, wanda gwamnatin soja ta Legas ta fitar da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban alƙali, Kotun Ƙoli ta tsawatar wa gwamnatin a 1986. In gwamna da sojojinsa ba su da wannan dama, ina ga kwamitin mutum tara.

Sai dai ban iya zuwa kotu ba. Na kwana ina juya abin, na kasa hango sunana a takardar sammaci yana ƙarar masallacin da aka sallaci mahaifina a ƙofarsa. Wannan nauyin ne ke sa masu haya irinmu su haɗiye abin da ba za su haɗiye wa wani mai gida ba.

Na tafi wurin malaminmu na zaure. Ya karanto mini hadisin Sayyidina Umar da ya samu gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Ya ce: "Ɗana, wannan ya hau kanka. Shagon ba gadonka ba ne don ubanka ya zauna a ciki, kuma wajibi ne mai kula da wakafi ya karɓi hayar da ake biya a irin wurin." Na sunkuyar da kai. Sannan ya ce amma Suratul Ma'ida da cika alƙawari ta fara, wanda ya karɓi kuɗin shekara ya ɗauki alƙawarin shekara, kuma shaddar marayu da ke kulle a ciki ba dukiyar masallaci ba ce. Da kansa ya taka zuwa wurin liman a daren.

Kwana uku kwaɗon ya yi. Aka zauna a zauren mai unguwa bayan Isha'i, aka nemo littafi mai baƙar bango a wurin iyalan tsohon ma'aji, aka ga sunana da kwanan wata. A nan ne ma aka gano wakafin kansa ba shi da takarda ko ɗaya, kuma kwamitin bai taɓa yin rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ba, sai da lauya ya ja kunnensu cewa ranar da jikokin mai ginin suka ce nasu ne, ba su da abin nunawa. Aka daidaita a kan dubu 120 daga sabuwar shekara, biya biyu, da rasit mai hatimi. An hana ba wa wani haya a kan haya. Na sa hannu, liman ya sa, kowa ya riƙe kwafi.

Kayan Sallah kuwa, mutum bakwai ban gama musu ba. Biyu har yau ba su sake kawo mini ɗinki ba.

Baba mai gyaran agogo da ke shago na biyar bai jira zaman ba. Tun ranar da takarda ta zo ya tattara 'yan kayansa a kwali biyu, ya ce shi ba zai yi jayayya da ɗakin Allah ba, ya koma Rigasa wurin ɗansa. Saura wata takwas a kuɗinsa. Na tayar da maganar a zaure aka ce za a duba. Shagon yanzu wani yaro mai POS ne a ciki, agogon bangon masallacin kuma, wanda Baba ke saitawa duk Juma'a, ya yi baya da minti huɗu.