Wasiƙa daga Bratislava: kocin da ya ajiye ɗan cikinsa a benci

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, musamman abokan zaman gidan kallo. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali da sana'a.

Ina rubuto muku daga Bratislava, babban birnin Slovakiya, inda neman abinci ya kawo ni. Unguwarmu sunanta Petržalka, tana tsallaken kogin Danube, dogayen benaye ne na kankare jere reras tun na zamanin gurguzu, mutum fiye da dubu 100 a cikinsu. Da na sauka ƙasar nan abu ɗaya tak na sani game da ita, shi ne yammacin 24 ga Yunin 2010 da ta kori Italiya daga gasar cin kofin duniya. Ashe mutumin da ya shirya wannan aiki a unguwar da nake kwana ya koyi sana'arsa. Sunansa Vladimír Weiss. Labarinsa nake so in ba ku, don tun da na san shi wani tsohon ciwo namu na gida ya taso mini.

Ku tuna halin da muke ciki a makon nan na 2010. An ba Sani Kaita jan kati a wasanmu da Girka, Yakubu ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga a wasan Koriya ta Kudu, an tattara mana kayanmu tun a rukuni. Kwana biyu bayan haka muka koma gidan kallo, janareto na ruri a baya, zafi kamar a gasa gurasa, kusan kowa yana bayan Italiya tunda ita ke riƙe da kofi. Akwai wani tela da ke zama a bencin gaba, shi kaɗai ya ce yana bayan masu farar riga, wato Slovakiya, wai don ba wanda ya san su. Róbert Vittek ya ci ta farko, ya ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci. Di Natale ya farke ɗaya. Sai aka sako wani Kamil Kopúnek daga benci, aka yi jifa, ya ruga ya ɗaga ƙwallon ta saman mai tsaron gida, taɓawarsa ta farko kenan a gasar. Quagliarella ya farke ta biyu, lokaci ya ƙare, 3 da 2. Telan nan ya hau kan benci yana ihu har mai gidan kallo ya roƙe shi ya sauko. Italiya ta ƙare a ƙarshen rukuni, ƙasa da New Zealand ma.

Abin da ba mu lura da shi ba a ranar, sai a nan wani dattijo maƙwabcina ya nuna mini. Tsohon direban taragon cikin gari ne, muna haɗuwa a kan bencin da ke ƙofar benenmu idan sanyi ya yi sauƙi, ni da guntun yarensu, shi da haƙurin maimaitawa. Ya ce in je in duba sunayen waɗanda suka buga wasan Italiya, in gaya masa ko na ga Weiss a ciki. Na duba, babu. Kocin yana da ɗa a tawagar, shi ma Vladimír Weiss, yaro ɗan shekara 20 wanda Manchester City ta raina, mai gudu da yanka ta gefe. Da shi aka fara wasan New Zealand, da shi aka fara na Paraguay. Ranar da ta zama ko a ci ko a koma gida, uban ya bar shi a benci daga farko har ƙarshe, ya sa waɗanda yake ganin za su iya aikin ranar. Dattijon ya ce kafin nan mutane na ta gunaguni cewa ɗan koci ne shi ya sa ake sa shi, bayan wasan kuwa bakin kowa ya mutu.

Gidan nasu gidan ƙwallo ne tun daga kaka, kuma su ukun sunansu ɗaya. Kakan ya buga wa Cekoslovakiya, yana cikin waɗanda suka ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. A shekarar ce aka haifi wanda nake ba ku labari, ranar 22 ga Satumba, wata ɗaya kafin uban ya buga wasan ƙarshe da Hungari. Ya taso ɗan wasan tsakiya a Inter Bratislava, ya je gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya da rigar Cekoslovakiya, ƙarƙashin Jozef Vengloš, inda suka kai zagayen 'yan takwas kafin Jamus ta Yamma ta fitar da su da ci ɗaya mai ban haushi. Sai ƙasar ta rabu biyu ranar 1 ga Janairun 1993, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Cek ta gaji suna da matsayi, Slovakiya ta fara daga tushe. A wasanta na farko bayan rabuwar, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Fabrairun 1994, ta ci 1 da nema, kuma Weiss ne ya zura ƙwallon. Mutum ɗaya ya buga wa ƙasa biyu.

A ƙungiyar unguwarmu, Artmedia Petržalka, ya rataye takalmi, a nan kuma ya fara horarwa. Ƙaramar ƙungiya ce, filinta ma bai kai a karɓi manyan wasannin Turai ba, sai dai su ara na Slovan a tsallaken kogi. Shekara da shekaru yana gina ta, har ta ci gasar ƙasar a 2005. Idan dattijon nan ya zo wannan gaɓar sai ya gyara zama. A Yulin shekarar Celtic ta Scotland ta zo wasan share fagen gasar zakarun Turai, wasan farko na sabon kocinta Gordon Strachan, aka lallasa ta 5 da nema, Juraj Halenár ya ci uku shi kaɗai. A Glasgow Celtic ta rama huɗu, ta biyar ta gagara. Suka fitar da Partizan ta Belgrade a bugun fenareti, suka faɗa rukuni ɗaya da Inter Milan da Rangers da Porto. A gidan Porto, wadda ta ɗauki kofin a 2004, an ci su biyu, suka farke, suka ƙara ta uku. Dattijon ya ce a daren nan tagogin benaye duk a buɗe suke, kana jin ihu daga wannan bene zuwa wancan. Filin nasu an rushe shi daga baya, ƙungiyar ta durƙushe ta sake farawa daga ƙananan rukunai. Na taɓa bi ta wurin da yamma, ba abin da zai nuna maka an taɓa yin wannan murna.

Ya ɗan je Rasha ya horar da Saturn, ya dawo Artmedia ya sake cin gasa a 2008, sai aka ba shi tawagar ƙasa. Rukunin neman gurbin 2010 akwai Cek da Poland da Sloveniya da Ireland ta Arewa da San Marino. Ya je Prague ya doke Cek 2 da 1, abin da ya fi komai daɗi ga mutanen nan, don sun daɗe ana yi musu kallon ƙanen da ba ya iya komai sai da wa. Sloveniya ta zo har gida ta doke su ana saura wasa ɗaya, hankali ya tashi. Ranar 14 ga Oktoban 2009 suka je Chorzów a Poland, dusar ƙanƙara na zuba har layin fili na ɓacewa, ɗan bayan Poland ya ci gida tun a mintunan farko, suka riƙe wannan ɗaya har aka tashi. Ƙasa mai mutum miliyan 5 da 'yan kai, wadda jihar Kano kaɗai ta ninka ta, ta samu zuwa gasar duniya karo na farko da sunanta.

To ga inda ciwon yake. A daidai wannan lokaci mu ma ɗan gida ne ya kai mu, marigayi Shu'aibu Amodu. Ya samo gurbi, ya zo na uku a gasar Afirka a Angola, sai aka sauke shi a Fabrairun 2010 aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin, saura wata huɗu a fara. Karo na biyu kenan da aka yi masa haka, don a 2002 ma shi ya kai mu, wani ya tafi da tawagar. Ya yi noma, ya yi girbi, ranar rabon hatsi aka ce ba shi da wayewar zama a rumbu. Stephen Keshi ma haka Togo ta yi masa a 2006. Mutanen nan kuwa suka bar nasu ya tafi da yaran da ya sani, ya ɗaura wa Marek Hamšík kambun kyaftin yana ɗan shekara 22, ya kai su zagaye na biyu inda Holan ta fitar da su 2 da 1 a Durban. Mu muka dawo da maki ɗaya. Har yau idan na tuna Amodu ya rasu a 2016 bai taɓa tsayawa a gefen fili a gasar da ya kai ƙasarsa sau biyu ba, raina yana ɓaci.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kwatanta muku. Weiss mutum ne mai zafin rai. Bayan Paraguay ta ci su biyu a Afirka ta Kudu ya yi cacar baki da 'yan jaridar ƙasarsa, ya faɗi maganganun da ba su dace da babba ba, kuma har yau ana tuna masa. Ƙarshen aikinsa da tawagar ma bai yi kyau ba. Ya je Mosko ya doke Rasha a neman gurbin gasar Turai ta 2012, sai Armeniya ta ci su a can, ta biyo su gida ta zuba musu huɗu ba ko ɗaya. A farkon 2012 ya bar kujerar. Dattijon da kansa ya ce lokacin tafiyar ya yi. Bambancin da nake gani shi ne an bar shi ya ci nasararsa da hannunsa, ya kuma faɗi da ƙafarsa. Kuma ba ina cewa baƙo haramun ne ba, su ma daga baya sun ɗauko ɗan Italiya, Francesco Calzona, ya kai su gasar Turai ta 2024. Sun ɗauko shi ne tun farkon tafiya, ya nemo gurbin da kansa.

Daga nan ya shiga duniya. Ya yi shekaru a Kairat ta Kazakistan, sannan ya karɓi tawagar Jojiya a 2016. A hannunsa Khvicha Kvaratskhelia, wanda kuke kallo yanzu kuna tafi, ya fara buga wa ƙasarsa a 2019 yana ɗan shekara 18. Saura wasa ɗaya ya kai Jojiya gasar Turai, Masedoniya ta Arewa ta zo Tbilisi a Nuwamban 2020 ta ci su ɗaya, Goran Pandev ya ci, ya ajiye aikin. Shekara huɗu bayan haka Jojiya ta je gasar a hannun wani, da yawa daga yaran da ya fara jawowa.

A 2021 ya dawo gida ya karɓi Slovan Bratislava, ƙungiyar da ɗan Kano Rabi'u Ibrahim ya yi shekaru yana buga wa. Idan na ce daga Najeriya nake, sunan Rabi'u ake fara ambata mini, sai na Moses Simon da ya bi ta Trenčín kafin ya wuce Beljiyam. A Slovan uba da ɗa suka sake haɗuwa, ɗan ya zagaya Scotland da Sifen da Italiya da Girka da Katar ya dawo da furfurar gogewa, ya zama kyaftin. A 2024 suka shiga gasar zakarun Turai, shekara 19 bayan ta Artmedia. Wasan farko a Glasgow ne, gidan Celtic, aka ci su 5 da 1. Wasa takwas suka buga, takwas aka ci su.

Na samu tikitin daren da Manchester City ta zo filin Tehelné pole, na tafi da dattijon, shi da tsohon mayafin wuyansa mai baƙi da fari na Petržalka a cikin taron magoya bayan Slovan masu shuɗi. An ci Slovan huɗu. Weiss yana tsaye a bakin layi cikin sanyi, gashi ya yi fari, yana ɗaga hannu yana yi wa 'yan baya tsawa a minti na tamanin da wani abu kamar wasan yana kunnen doki. Da aka tashi mutane ba su watse ba, suka tsaya suna tafa wa yaran. A hanyarmu ta komawa, tarago na haye gada, dattijon ya nuna mini wurin da tsohon filin yake ta taga, ya ce a can ya fara ganin mutumin nan yana wannan tsawar, lokacin 'yan kallo ba su fi a ƙirga su da ido ba.

Ku gaishe mini da mai gidan kallo, da telan bencin gaba idan har yanzu yana zuwa. Ku gaya masa masu farar rigar nan da ya goya wa baya, a cikinsu nake zaune yanzu.

Naku,
ɗan'uwanku a Petržalka, Bratislava