Katakon da ya ja min asarar akwatin kifi

Ƙannena masu sha'awar kiwon kifin ado a ɗaki, na ga kwana biyu kuna ta haɗa akwatin gilashi, wasu ma da kansu suke yanka gilashin su liƙe da silikon, abin ya burge ni wallahi. Amma kusan kowa hankalinsa na kan gilashi da kifi da famfon iska, teburin da zai ɗauki kayan kuwa sai a ce ai kowane kafinta zai buga. Nima haka na ce, har sai da ruwa ya tashe ni daga barci ƙarfe uku na dare.

Ku fara da lissafi tukuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatina tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wato lita 243 in an cika shi, ka ɗora nauyin gilashin kansa da yashi da duwatsu, ka doshi kilo 300. Buhun siminti shida kenan. Kuma ba yau a ɗora gobe a sauke bane, haka zai zauna shekara da shekaru ba hutu. Da na yi wannan lissafin tun farko da ban yi gangancin da na yi ba.

Cikin watan Agusta na shiga kasuwar 'yan katako, ana tsakiyar damina, na ce a bani tubai-tu, wato katako mai inci biyu da biyu, mai sauƙin kuɗi. Aka jawo min farin katako irin wanda magina ke tallafe dakin ɗin siminti da shi, na ɗaga na ji nauyi sai na ce kai wannan ai ƙarfi ne. Ashe ruwa ne a cikinsa, ɗanye ne shakaf ko sati biyu bai yi da yankowa ba. Washegari aka buga teburi, aka shafa fenti, ya yi kyau abinsa har hoto na ɗauka. Wata uku lafiya lau. Da hunturu ya shigo iskar nan mai busar da leɓe ta fara aikinta, katakon ya soma bushewa yana murɗewa, kusurwa ɗaya ta ɗan ɗaga, ɗaya ta sauka, abin da ido ma ba zai gani ba. To shi gilashi ba ya lanƙwasa, in ƙasansa ya karkace ko dai ya tsage ko silikon ya saki. Nawa silikon ne ya saki ta gefen baya. Na farka na sa ƙafa a ƙasa na ji caɓal, kafet ɗin Hajiya ya sha ruwa har falo, kifaye suna ta fafutuka a ɗan ruwan da ya rage, na kwashe su a bokitin wanka. Biyu ba su kai safe ba. Faɗan da na sha kuwa a bar shi kawai.

Da gari ya waye na kira wani dattijon kafinta a layinmu ya zo ya duba. Ya tsuguna ya ɗora filam, ma'aunin nan da ake gane karkata da shi, a kan teburin, ya girgiza kai ya ce "ɗana, wa ya ce maka ana ɗora ruwa a kan ƙusa?" Na ce Baba kamar yaya. Ya nuna min, ashe katakon saman a gefen ƙafafu aka manna shi aka buga ƙusa biyu biyu, wato duk kilo ɗari ukun nan a kan ƙusoshi takwas yake rataye. Ya ce katako kan katako ake zaunar da kaya, firam ɗin sama ya hau kan ƙafa kai tsaye nauyi ya bi ƙafar ya sauka ƙasa, ƙusa ko sukuru aikinsu kawai su hana shi zamewa.

Shi ya raka ni kasuwa karo na biyu, kuma a nan na koyi sayen katako. Ba ya tambayar suna da farko, sai ya ɗaga kan katakon ya kai ido ya leƙa tsawonsa kamar mai saita bindiga, in ya ga baka ko murɗiya ya jefar gefe. Cikin goma da ƙyar muka ɗau huɗu, yaron shagon har ya fara ɓata rai, Baba ko a jikinsa. Yana ƙwanƙwasawa da guduma, busasshe ƙararsa tas take fita, ɗanye kuwa dum kake ji, kuma in ka dafa shi da sanyi sanyi. Wanda yake da babban ido a tsakiya ko tsaga a baki ya ce a bari, ta nan yake karyewa. Wanda ka ga ƙananan huji da gari gari na zuba kuwa ƙwaro ya riga ka, kada ma ka kai shi gida ya shiga kujerun mutane. Kuma ku riƙa zuwa da tef ɗinku, abin da ake kira tubai-fo sau da yawa bai cika inci biyu da huɗun ba, in an kai inji an goge ya ƙara raguwa.

Maganar iri, obeche yana da sauƙin aiki amma laushi gare shi kuma ƙwaro na sonsa, ni dai ba zan ƙara ɗora ruwa a kansa ba. Iroko da madaci da tik sun fi jure laima da gara, sai dai kuɗi. Amma ku ji ni da kyau, busasshen katako miƙaƙƙe mai matsakaicin kuɗi ya fi iroko ɗanye. Mu madaci muka samu tubai-fo, duk da haka Baba bai yarda an taɓa shi ba sai da muka jera shi a inuwa cikin zaure, da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya yi sati shida. Ni duk na ƙosa, kifaye na cikin baho. Ɗaya daga ciki kuwa ya murɗe a wurin, kun ga da yana cikin teburin kenan.

Wani abu kuma, tubai-fo ɗin firam a tsaye ake sa shi ta gefen siririn, ba a kwance ba, a haka ya fi ƙin lanƙwasa wajen ninki huɗu. Akwati mai tsawo irin nawa a ƙara ƙafa a tsakiya, bayan kuma a rufe da filawud ko a buga katako a karkace don kada teburin ya riƙa rawa in yaro ya jingina.

Saman teburin ma na yi kuskure a na farkon, MDF na sa, allon nan na garin katako da ake matsewa, saboda santsinsa. Duk ranar canjin ruwa sai ɗan ɗigo ya zuba, gefensa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ku nemi filawud mai kauri, in da hali irin wanda ba ya jin ruwa, a shafe shi da banish har bakin yankan, sannan a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firji kafin a ɗora gilashi. In za ku shafa maganin gara irin Solignum ku yi a waje ya bushe sarai warin ya fita, don famfon iska abin da ke ɗakin yake turawa cikin ruwa.

Da aka gama na biyun ban sa kifi ba sai da na cika akwatin da ruwa zalla a tsakar gida ya kwana uku, kullum ina duba ko layin ruwan ya yi daidai da bakin gilashi ta kowane gefe. Hajiya dai har yau ba ta yarda ya koma kan kafet ba, yana can baranda kusa da magudana.