Ciki ya shiga alhali ba mu sadu ba

Ɗiyata ta fari tana da wata bakwai a bayana na sake ɗaukar ciki, kuma da an miƙo mini Alƙur'ani a ranar, da na dafa cewa tun da na haihu ni da maigidana ba mu sadu ba. Shekarata 22 a lokacin, muna haya a unguwar Zariya nan Maradi. Ƙannena mata, amare da masu jiran rana, da ku nake magana, domin rashin sani ne ya fara kai ni, kunya ta ƙarasa ni.

Da na gama wankan jego zan koma ɗakina, Inna ta ja mini kunne kan rurrutsa, wato ɗaukar ciki ana cikin goyo, abin da wasu ke ce wa kwanika. Ta ce kar in kuskura yarinya ta sha ciki. Allurar tazarar haihuwa kuwa ina tsoronta, saboda maganganun da nake tsinta a gidajen biki. Sai ni da maigida muka tsaya kan abin da muka ɗauka dabara ce: wasa irin na miji da mata, amma a waje, ba shiga. Al'adata ta dawo yarinya na wata biyar, na kuma fara ba ta kunu, ban ɗauki ko ɗaya a bakin komai ba. Ashe shayarwa tana kare mace ne kawai idan jariri bai cika wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ni duka ukun sun riga sun kuɓuce mini.

Wani dare maniyyi ya zuba a bakin gabana. Jikina ya ba ni cewa akwai matsala. Da asuba na dafa ruwa, na jefa kanwa, na yi tsarki da shi har sai da wurin ya yi mini zafi, na ce shi ke nan na wanke. Na taɓa jin labarin wata ƙwaya da ake sha bayan kwanciya, amma an ce mini ta zubar da ciki ce, ni kuwa ina tsoron Allah, don haka ko tambaya ban yi ba. Kwana tara ina juya abin a raina, ko maigida ban faɗa wa ba. Ran na tara tsoro ya ci ƙarfina, na tsayar da wani mai tallar magani a faranti kusa da tasha, na sayi ƙwaya a kwalin da rana ta ƙoɗar har rubutun ba ya karantuwa, na haɗiye ta a bayan ɗaki.

Wata ya zagayo, shiru. Na goya yarinya na hau kabu-kabu zuwa likitar unguwa. Unguwarzoma ta tsoma tsinken gwaji a fitsari, muna kallo layi biyu suka fito. Na fashe da kuka ina cewa wallahi ba mu sadu ba. Ba ta yi mini dariya ba. Ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, na yarda da ke. Ba ke ce ta farko da ta zauna nan ta faɗi haka ba."

Abin da ta koya mini ranar shi ne ya kamata a ce na sani tun kafin a kai ni ɗaki. A cikin maniyyi akwai ƙwayoyin haihuwa miliyoyi, kuma iyo suke yi. Idan ya zuba a bakin farji, ko yatsa ya ɗauko shi da danshinsa ya kai wurin, wasu na iya bin ruwan jikin mace su haura. Haɗarin bai kai na cikakkiyar saduwa ba, amma yana nan. Maziyyi ma, ruwan nan da ke riga maniyyi fita, yakan zo da su. Sukan rayu har kwana 5 a cikin jiki suna jiran ƙwan mace, wanda ke fita wajen kwana 14 kafin jini na gaba. Ruwan zafi da kanwa ba sa cim musu, sai dai su ƙona fata. Runguma ko taɓawa ta saman tufafi kuwa ba sa kawo ciki, kar wata ta hana kanta barci a kan wannan.

Da na ambaci ƙwayar da na sha, ta tambaye ni rana ta nawa. Na ce ta tara. Ta girgiza kai. Maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Norlevo ko Postinor-2, miligiram 1.5 ne na sinadarin lebonorjestirel, kuma cikin awa 72 ake son a sha shi, gwargwadon saurinki gwargwadon amfaninsa. Akwai wani, ellaOne, da ke kaiwa kwana 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ita ma idan ma'aikaciyar lafiya ta saka ta cikin kwana 5 ta fi duka kariya. Aikin ƙwayar shi ne ta jinkirta fitar ƙwan mace har ƙwayoyin namiji su mutu ba su same shi ba. Idan ciki ya riga ya zauna ba ta taɓa shi, ba ta zubar da shi. Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, domin abin da na guda saboda tsoron zunubi ba shi ne abin da na zata ba, kuma tambaya ɗaya da ta warware mini shi tun washegari.

Wadda ta sha ta yi amai kafin awa biyu, sai ta sake sha. Jini na iya riga lokacinsa ko ya ɗan makara, amma in ya wuce mako guda bai zo ba, a yi awon fitsari. Ƙwayar ba ta kare kwanciyar da za a yi bayan an sha ta, ba ta kare ciwon sanyi ko sida. Mai shayarwa ta faɗa wa mai farmasi cewa tana ba da nono, don a zaɓa mata wadda ta dace.

Ban tsaya nan da kuskure ba. Unguwarzoma ta ce in ci gaba da shayarwa, nonon mai ciki ba guba ba ne. Na dawo gida tsofaffi suka taso ni, na yaye yarinya tana wata tara, a tsakiyar zafin Afrilu. Ta yi zawo ta rame har wuyanta ya fito, sai da muka kwana likita. Allah ya raya mini ita da ƙaninta, ina gode masa, ba na kuma kallon yaron a matsayin kuskure. Amma wahalar da ta sha da hannuna na jawo mata. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kuma tun 2006 maganin tazarar haihuwa kyauta ne a likitocin gwamnati a Nijar. Yana nan kusa da ni, ina wucewa ta ƙofarsa duk ranar rigakafi.

Ku kuma ƴanmata da ba a ɗaura ba tukuna, duk saurayin da ya ce miki "a waje ne kawai, budurcinki na nan", ki sani tantanin budurci yana da ƙofa, ta nan jinin al'ada ke fita, ta nan kuma abin ke iya shiga. Ki ƙi, ki tashi daga wurin. In kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa, ko wani ya yi miki fin ƙarfi, kar ki zauna ƙirga kwanaki a ɗaki kamar yadda na yi. Ki nemi yayarki ko gwaggon da kika amince da ita ta raka ki likita a ranar. Wadda aka yi wa fyaɗe akwai kuma maganin kariya daga sida da ake ba ta, shi ma cikin awa 72 ake fara shi.