Asabar ɗin da muka fita fako da sandunan golf

Birnin Kebbi, Asabar, cikin hunturu.

Ɗan ƙanwata ya iso daga Kaduna daren jiya, kuma tun bai gama cin abinci ba ya faɗa mini abin da ke tafe da shi. Wurin aikinsu sun biya masa kuɗin shiga kulob ɗin golf, domin a can manyan abokan hulɗarsu suke haɗuwa, shi kuwa bai taɓa taka filin ba. Ya sayi sanduna, ya kalli bidiyo a waya har ya iya kwatanta yadda ake juya kafaɗa, amma abin da ya hana shi sukuni shi ne kada ya je ya yi abin kunya a gaban mutane. Na ce masa wannan damuwar ita ce ta dace, domin a shekarun da na yi ina wasan, lokacin ina aiki a Kaduna da Jos, ban ga an guji mutum don bai iya bugu ba, amma na ga gwanaye waɗanda duk wanda ya ga an haɗa shi fita da su sai ya tuna yana da uzuri.

Bayan sallar asuba muka fita wani fako a bayan gari, ta hanyar Argungu, inda mu 'yan tsirarun da ba mu yar da wasan ba muke zuwa motsa jiki. Ba filin gasa ba ne. Ramuka kaɗan muka haƙa, muka daddale yashi a kewayensu, irin yadda aka saba a tsofaffin filayen Arewa inda ruwan ban ciyawa yake wuya, ake cakuɗa yashi da baƙin mai a shimfiɗa a madadin ciyawa. Injiniya da Alhaji sun riga mu isa, tare da yara biyu daga ƙauyen da ke kusa, waɗanda suke ɗaukar mana jaka.

Ba mu yi nisa ba darasin farko ya kawo kansa. Alhaji ya daidaita ƙafafunsa, ya ɗaga sanda, sai wayar ɗan ƙanwata ta ɗauki ƙara a aljihu. Alhaji ya sauke sandar bai ce uffan ba, ya ja da baya ya sake shiri. Na ja yaron gefe na ce masa ya rufe bakin wayar har mu gama, sannan na nuna masa inda ake tsayawa. Ba a tsayawa a bayan ƙwallo daidai da layin da za ta bi, ba a tsayawa a gaban mai bugu, ba a kuma matsowa inda sanda za ta iya kai wa mutum. Ana tsayawa can gefe, a daina motsi, a daina magana, har ƙwallo ta tashi. Dalilin ba boyayye ba ne. A ƙwallon ƙafa abokin hamayya ne yake hana ka sakat, amma a nan ƙwallo a kwance take tana jiranka, bugun kansa bai wuce ƙiftawa da bismilla ba, saboda haka abin da zai ɓata wa mutum shi ne tarin wani, ko inuwar wani, ko ƙarar zif ɗin jaka.

Da ya zo kansa, ya shirya zai buga, sai ga wasu mata da itace a ka suna ratsa fakon daga nesa. Ya ce, “Kawu, ai ba zan kai can ba.” Na ce ya dakata duk da haka. Ƙwallon golf ƙarama ce, nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tauri gare ta, kuma sabon ɗan wasa shi ne wanda bai san inda tasa za ta nufa ba. A kulob ƙa'idar ita ce ba ka bugu sai waɗanda ke gabanka sun fita daga iyakar inda ƙwallonka za ta iya kaiwa, haka ma ma'aikatan da ke yankan ciyawa. In kuwa ta kuɓuce ta nufi mutane, ba a jin nauyin ɗaga murya: ana ƙwala kiran gargaɗi nan take, wanda ya ji ya sunkuya ya kare kansa, daga baya a je a ba shi haƙuri ido da ido. Muka jira matan suka wuce, muka amsa gaisuwarsu, sannan ya buga, ƙwallon kuwa ta karkace dama ta faɗa kusa da inda suka taka.

A rami na uku ne muhawarar yau ta tashi. Ƙwallon Alhaji ta shige cikin sabara, dukanmu muka shiga nema, domin taya abokin wasa neman ƙwallonsa yana cikin ladabi. Injiniya ya duba agogo ya ce lokaci ya cika, Alhaji ya ce saura minti biyu. Injiniya ne da gaskiya. Da minti biyar ake bayarwa, amma tun gyaran dokokin da hukumar R&A ta Sikotilan da takwararta USGA ta Amurka suka yi, wanda ya fara aiki a 2019, an mayar da shi minti uku. A cikin gyaran ne kuma aka ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40 wajen yin bugu idan nasa ya zo, aka kuma ƙarfafa cewa a wasan ƙidayar bugu wanda ya shirya ya buga, muddin babu haɗari, ba sai an tsaya tantance wanda ya fi nisa da rami ba. Na bayyana wa yaron abin da ya sa ake tsananta wannan. Fili mai rami 18 yakan ci wa mutum huɗu kusan awa huɗu, kuma rukuni-rukuni ake fita, wani a bayan wani, ta yadda jinkirin mutum ɗaya yakan bi layi har ya taɓa wanda bai fito daga gida ba tukuna. Wanda ya ga ramin gabansa ya zama wayam, na bayansa kuma sun tsaya sun dogara da sanduna, ya ɗaga musu hannu su wuce. Babu ƙasƙanci a ciki.

Nan Alhaji ya kawo maganar da na san za ta zo. Ya ce duk wannan tsarin Turawa ne, mu a nan in babban mutum ya iso fili, ko mai sarauta ko tsohon shugaban ma'aikata, ai tarbiyya ta ce a ba shi hanya. Injiniya ya ce in aka buɗe wannan ƙofar ba za a iya rufe ta ba, domin kowa babba ne a gidansa. Ni dai na tuna wani abu da na gani da idona a wani fili da ba zan ambaci sunansa ba. Wani mai muƙami ya iso a makare da motoci da 'yan rakiya, ya wuce kai tsaye ya shiga gaban mutanen da suka rubuta sunansu tun jiya, sannan ya riƙa amsa waya tsakanin bugu da bugu. Babu wanda ya tanka masa, amma daga ranar sai da ya riƙa neman abokin fita da ƙyar. Abin da na faɗa wa Alhaji shi ne girmama na gaba yana nan daram: ka gaishe shi da kyau, ka ce ranka ya daɗe, in ka ga dama da kanka ka ce ya wuce. Abin da ba ya kyautuwa shi ne shi ya ƙwata. Lokacin fita kamar sahun masallaci ne, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, kuma babban da ya san girmansa ba ya tsallake wuyan mutane. Alhaji bai ce ya yarda ba, ya dai ce zai yi tunani, muka ci gaba.

A bakin rami na tsaya da yaron sosai, domin a nan ake gane wanda aka koya wa wasan da wanda ya tsince shi. Tsakanin kowace ƙwallo da ramin akwai layin da mai ita yake hange, ko da ba a zana ba. Na nuna masa sawun takalminsa a kan yashin, ɗan zurfin da bai kai kaurin yatsa ba, daidai kan hanyar ƙwallon Injiniya, na ce ya durƙusa ya duba. Ya duba, ya ga yadda gefen sawun ya ɗan tashi, wanda ya isa ya kautar da ƙwallo mai tafiya a hankali daga ramin da faɗinsa milimita 108 ne kacal. Daga nan ya fara zagayawa ta bayan ƙwallayen mutane. Rana ta ɗan ɗago a lokacin duk da hazo, sai na nuna masa inuwarsa ma, yadda ta kwanta a kan ramin, na ce ita ma a janye ta. A filin ciyawa akwai ƙarin aiki: ƙwallon da ta faɗo daga sama takan bar ɗan lotso, mai ita ya gyara da ƙaramin cokalin da ake sawa a aljihu, in ya ga na wani da aka manta ya haɗa da shi; ciyawar da sanda ta fizge a mayar da ita ko a cike gurbin da yashi; wanda ya shiga ramin yashi ya ɗauki manjagara ya share sawunsa kafin ya fita. Doka ta 1.2 a littafin dokokin ta tara waɗannan duka a abu uku, wato gaskiya, da kula da sauran 'yan wasa, da kula da fili, ta kuma ba kwamitin kulob ikon fitar da mutum daga gasa in rashin ɗa'arsa ya yi tsanani.

Maganar gaskiya kuwa ita ma ta zo da kanta. Ƙwallonsa ta tsaya a jikin wani busasshen kara, ya sa hannu ya janye karan, ƙwallon ta ɗan mirgina. Ya dube ni ya ce, “Kawu, wannan ma ana lissafawa? Ai ba wanda ya gani.” Na ce ana lissafawa: tarar bugu ɗaya, wato a ƙara masa bugu ɗaya a lissafi, alhali mai ƙarancin bugu ne yake cin wasan, kuma a mayar da ita inda take. A yawancin wasannin golf babu alƙalin da ke bin mutum, kowa shi ne mai kai ƙarar kansa, kuma a kan haka wasan ya tsayu tun dokoki 13 na farko da aka rubuta a 1744 don 'yan wasan Leith, kusa da Edinbara. Na ba shi labarin Bobby Jones, wanda a gasar US Open ta 1925 ya ce ƙwallonsa ta motsa alhali ba wanda ya tabbatar da hakan sai shi, ya ɗora wa kansa bugu ɗaya, aka tashi kunnen doki, ya kuma rasa kofin a wasan raba gardama. Injiniya ya ƙara da na Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina, wanda a gasar Masters ta 1968 abokin wasansa ya rubuta masa 4 a rami na 17 maimakon 3, shi kuma ya sa hannu bai duba ba, dole lissafin ya zauna haka, ya rasa damar raba gardama da bugu ɗaya. Manufar Injiniya ita ce katin lissafin bugun wani da za a ba ɗan ƙanwata ya riƙe amana ce, ya rubuta a kowane rami, ya kuma karanta nasa da kyau kafin ya sa hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne batun yaran jaka. Da zafi ya fara, ɗaya daga cikinmu ya yi bugu marar kyau, ya juya ya daka wa yaron tsawa cewa shi ya miƙo masa sandar da ba ita ba. Yaron ya sunkuyar da kai. Ban yi magana a gabansa ba, sai da muka koma wajen motoci na ce wa abokin namu yaron ya miƙo ne, shi ya karɓa. A hanyar gida na yi wa ɗan ƙanwata bayani a tsanake. A doka, kadi, wato mai ɗaukar maka jaka, shi ne wanda aka yarda ka nemi shawararsa a tsakiyar gasa, shi da abokin da kuke ɓangare ɗaya. In ka tambayi wani ɗan wasa sandar da ya yi amfani da ita, tara ce, kuma in kadinka ya karya doka kai za a ci. Mutumin da yake da wannan matsayi a wasanka bai cancanci a kira shi da “kai yaro” ba. Ka tambayi sunansa tun a ramin farko, ka riƙe. Jakar da ke da sanduna 14, iyakar abin da doka ta yarda, da ruwa da laima, ba ƙaramin kaya ba ce a kafaɗa na tsawon awa huɗu, saboda haka in ka sayi ruwa ka saya da shi, kuɗinsa kuma ka san adadin da kulob ya yanka tun kafin a fita, ka biya nan take, kada a kai ga ciniki a bakin mota. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara, kuma sau da yawa yaron ya fi mai jakar sanin inda ƙasa ta karkata.

Da la'asar, muna shan fura a zaure, ya fito da sauran tambayoyinsa. Na tufafi mai sauƙi ne: yawancin kulob suna son riga mai kwala da takalmin wasa, kuma kowanne yana da takardar ƙa'idojinsa, ya nema a wurin sakatare ya karanta. Baƙon da ya gayyata, halinsa da bashinsa duk a wuyansa suke. In lokacin salla ya riske su a fili, ya faɗa wa abokan fitarsa tun farko, ya kuma bar na baya su wuce maimakon ya tsayar da layi.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ta kuɗi, domin ya ji cewa wasu sukan sa wani abu a kan kowane rami. Na ce haka ne, kuma tunda shi ba ya caca, wurin faɗa shi ne kafin a buga ƙwallon farko, cikin fara'a, ba tare da wa'azi ba, domin wanda ya yi shiru aka fara da shi, sannan ya tuna da haramci bayan an cinye shi, ya ɓata sunansa ya kuma ɓata hujjarsa. Ya tambaya ko hakan ba zai sa manyan ofishinsu su ga ya ware kansa ba. Na ce ya gaya musu zai yi wasan, zai riƙe musu kati in suna so, amma kuɗinsa ba ya ciki, kuma in aka koma zauren kulob ya sayi lemon kowa a ranar da ta zama tasa.