Ranar da ciwon baya ya lafa

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibitin gyaran ƙashin baya a Abuja, irin wanda ake kira kayirofraktik, inda likita yake aiki da hannu a kan gaɓoɓin baya. Ni ne mai rubuta kati, ni ne kuma nake nuna wa marasa lafiya motsa jikin da likita ya tsara musu. Tun ina sabon zuwa na lura da wani abu: mutum zai shigo a sunkuye ana riƙe da shi, ya zo sau uku ko huɗu, ranar da ya iya ruku'u da sujada ba tare da ya cije leɓe ba, shi ke nan, mun daina ganinsa. In na bi shi da waya sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ai na warke."

Da farko tsoro nake ba su. Nakan ce in ba su dawo ba ƙashin zai sake gocewa. Wata rana likita ya ji ni, da muka tashi ya zaunar da ni. Ya ce ƙashin baya ba ya gocewa haka kawai, ƙarar nan "ƙas" da ake ji in ya danna ma iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba. Yawancin ciwon baya yakan lafa cikin mako shida ko ƙasa da haka, matsalarsa ita ce yawan dawowa, domin zafi yana riga tsoka warkewa: an daina jin ciwo, amma tsokokin da suke riƙe da ƙugu ba su koma ƙarfinsu ba. Ya ce wannan gaskiyar ta isa, ita zan riƙa faɗa. Na kwana da kunyar mutanen da na tsorata.

Wanda ya ƙarasa min karatun wani dattijo ne, direban tasi da yake ɗauko fasinja daga Mararaba zuwa Wuse. Duk wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san awa nawa mutum yake yi ƙafa a kan kuloci. Bayan zuwansa na huɗu ya ce min, "Ɗana, kowane zuwa nan aikin rabin yini nake bari. Tunda na samu sauƙi, me zan dawo yi?"

Na ce, "Baba, mu je in ga motar."

Kujerar ta lotsa ta tsakiya, ya cusa tsohuwar darduma a ramin, bayanta kuma a kwance, sai ya miƙa wuya kafin ya ga hanya sosai. Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan baya, su suke ɗauke da nauyin gangar jiki, a wannan ramin suke yini. Muka miƙar da kujerar, muka matso da ita gaba, na naɗe tawul na sa masa a ƙugu. Likita ya tsara masa dawowa bayan mako biyu, sannan bayan wata ɗaya, daga nan sallama. Sauran aikin a gida yake: bayan sallar asuba ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya ɗaga ƙugu sau goma, in ya sauke fasinja ya fito ya ɗan taka kafin ya yi lodi.

Da ya ji maganar tana da iyaka, sai ya amince. Abin da yake korar mutane kenan, zaton cewa an kama su ne har abada. Kuma ba su yi laifi ba. Tun da Daniel Palmer ya fara wannan sana'a a Davenport ta Amurka a 1895 ake samun masu cewa kowa sai ya riƙa zuwa gyara tsawon rayuwarsa. Ban yarda da haka ba, musamman ga mai neman na abinci kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020; galibinsu motsi da gyaran zama suke bukata, da wanda zai duba ko suna yi daidai.

Zuwan na baya yana da wani amfani: a nan ake gane wanda ciwonsa ba namu ba ne. Zazzaɓi da rama, ƙafa tana mutuwa, fitsari yana zuwa ba sani, waɗannan babban asibiti muke tura su nan take, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Baba ya zo na wata ɗayan, da tawul ɗinsa a kafaɗa. Ya kwanta ya ɗaga ƙugu, na ga yana riƙe numfashi, na gyara masa. Likita ya duba shi ya sallame shi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce zai turo min wani abokin aikinsa, amma in fara duba kujerar motarsa.