Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ruwan Asuba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda muka baro gidan haya a Birnin Kebbi muka dawo gidan su Malam, maigidana, a Argungu, ni da yara uku da kayan ɗaki a bayan a-kori-kura. Yau labarin hunturun farko da muka yi a gidan zan ba ku, na farkon 2023.

Wanda ya taɓa kwana a Argungu cikin Janairu ya san abin da nake nufi. Garin a bakin fadama yake, iskar da ta biyo ta kan gulbi kuwa idan ta faɗo tsakar gida da asuba, ko bargo biyu ka rufa sai ta lalubo ka. Ga hazo. Ki share ɗaki ki goge da safe, kafin azahar sai ki rubuta sunanki da yatsa a kan madubi. Rana ba ta leƙowa sai bakwai ta gota, ita ma fara fat kamar faifai, ba ta da wani zafi.

Ga waɗanda ba su biyo mu tun farko ba, 'ya'yana uku ne, duk maza. Na farin ba na kama sunansa, kun san al'ada, Yaya nake ce masa kamar yadda ƙannensa ke faɗi, lokacin yana da shekara 11. Sai na tsakiya da ya cika 7 a Disamba, sai Auta mai shekara 3. Hunturu da 'ya'ya maza aiki ne mai zaman kansa. Ki mulke su da basilin, kafin su kai zaure sun koma furu-furu kamar an tono su daga toka. Hulunan sanyi uku na sayo a gwanjo, ba su yi sati ba Yaya ya cusa wa tasa tsumma ya ɗaure, ta zama ƙwallo. Auta kuwa hancinsa bai bushe ba tun daga Nuwamba har aka fara zafi.

Ranar da na tsakiya ya cika bakwai Malam ya kira shi zaure ya ce daga gobe tare za su riƙa fita sallar asuba. Hadisin kowa ya san shi, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, a umarci yara da salla suna da shekara bakwai. Yaron har da tsalle, shi ma ya zama babba. Na saya masa buta sabuwa, koriya, don kada su yi ta faɗa da Yaya a kan guda. Satin farko kafin ladan ya gama kiran farko ya riga kowa tashi.

Sai aka shiga rikicin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairu ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tun kafin wa'adin ya cika mutanen ƙauye suka fara gudun tsohon kuɗi, sabon kuma babu shi. Mai itacen da ke kawo mana a kan jaki ya ce shi bai san wani tiransifa ba, ko waya ba ya da ita, a ba shi sabon kuɗi ko ya wuce. Ya wuce ɗin kuwa. Na koma kara da ɓuntun shinkafa, kuma duk macen da ta taɓa girki da kara ta san wutarsa, ta tashi fuu ta mutu, kina tsugune kina tura wani. Itacen da ya rage na ware shi don tuwon dare. Maganar ɗora ruwan alwala ma ba ta taso ba. Kowa ya kamfata daga randa, ruwan da ya kwana a waje, wanda idan ya taɓa haƙori sai ka ji har cikin ƙwaƙwalwa.

Ƙosai ne ya fara tona asirin. Kullum da safe nakan dama koko in aika a sayo ƙosai, in raba musu uku-uku. Sai na lura na tsakiya yana ɗaukar guda daga nasa ya ajiye a kwanon Yaya, ba a roƙe shi ba, ba kuma ya kallon kowa. Yaron da ko ƙayar kifi ba ya bar wa kyanwa! Ranar farko na ce Allah Ya yi albarka, zumunci ya fara shiga. Da abin ya kai kwana huɗu sai jikina ya ba ni akwai magana.

Na fara sa ido. Inda Yaya ke alwala a gindin zana, ƙasa takan jiƙe ko'ina, nan fantsal can fantsal. Inda na tsakiya ke tsugunawa kuwa jiƙo ɗaya ne, zagayayye, kamar an ba shuka ruwa. Hannun rigar sanyinsa a bushe ƙayau. Washegari na laɓe a madafi, ban hura wuta ba don kada haske ya nuna ni. Ya zo ya tsuguna, ya karkata butar tana zuba a ƙasa a hankali, yana motsa baki kamar mai kurkura, har da furzarwa. Da ruwan ya kusa ƙarewa sai ya tsoma kan yatsu biyu ya shafa a gira da goshi, don in babansa ya haska shi ya ga laima. Ya miƙe ya bi su masallaci.

Wallahi dariya ce ta fara zuwa mini, sai kuma gabana ya faɗi. Dabarar ta yi yawa ga ɗan shekara bakwai. Ni ba rashin alwalar ne ya fi tayar mini da hankali ba, yadda ya ƙware a ɓoyewa ne.

Ban yi magana ba sai da suka dawo daga makarantar allo da yamma. Na ja shi ɗaki na tura ƙofa.

"Zo nan. Yau da asuba ka yi alwala?"

"Na yi, Mama."

"Kalle ni. Allah Yana ganinka, ni ma na gan ka."

Ya sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan tabarma. Na ɗauka haƙuri zai bayar. Sai ya ce, murya can ƙasa, "Mama, ai ke ma da ruwan ɗumi kike yi."

Na rasa bakin magana, don gaskiya ya faɗa. Kullum idan na ɗora ruwan koko, kafin ya tafasa nakan ɗebi moɗa guda in sirka a butata. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, ban ma san akwai mai kallona ba. Ni da na haifi uku, na shekara talatin da ɗoriya ina alwala, ban iya jure ruwan randa ba, amma na miƙa wa yaro buta na ce je ka. Na ce ya miƙo ƙafarsa. Dugadugansa duk faso, ɗaya har ya tsage yana fitar da jini, bayan hannunsa kuma kaushi ya yi kamar bayan kada. Ya ce in ruwan ya shiga wurin kamar an zuba barkono. Kwana goma sha biyu ke nan yana haka. Yaya ya kama shi tun rana ta biyu, suka yi ciniki, ƙosai guda kullum, shi kuma ya yi shiru.

Ranar Asabar na tsaya bayan an tashi daga islamiyyar matan aure na tambayi malamarmu, ban ce ɗana ba ne, na ce wata ce ta aiko ni. Ta yi murmushi irin na wadda ta saba jin "wata ce". Ta ce ɗumama ruwan alwala babu laifi ko kaɗan. Hadisin da ke cikin Muslim, wanda ya ambaci ladan cika alwala a lokacin da rai ba ya so, albishir ne ga wanda wahalar ta same shi ya daure, ba cewa aka yi a je a nemo wahalar ba. Ta ba ni labarin Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda wanka ya kama shi a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ji tsoron halaka, ya yi taimama ya ja mutane salla. Da aka kai maganar gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amru ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa, Annabi ya yi dariya bai ce masa komai ba. Amma ta ja kunnena, ta ce mai halin ɗumama ruwa ba shi da hanyar taimama, kada in je in buɗe wa yara wata ƙofar. Ta ƙara da cewa wanki ɗaya idan ya game gaɓa ya wadatar, na biyu da na uku ƙarin lada ne, kuma yaron da bai balaga ba koyo yake yi, babu ramuwa a kansa. "Ki gaya wa mai aiken," in ji ta, "ta tashi ta hura wuta."

Saura Malam. Lokacin dashen shinkafar rani ne, tun safe yake cikin ruwa da taɓo a fadama, ya dawo magariba ƙafafunsa sun yi fari sun tattare. Mutumin da ya wuni haka, ta ina za ki fara ce masa ɗansa na tsoron ruwan buta? Na bari sai da ya ci tuwo ya sha shayinsa mai citta da kanumfari, sannan na ce, "Malam, akwai 'yar magana, amma ka yi mini alkawari ba duka." Ya ce in faɗi tukuna. Na faɗa tun daga jiƙon ƙasa har zuwa girar. Bai ce uffan ba. Da na zo kan ƙosai sai ya ajiye kofin.

"Kira mini babban."

Na ɗauka na tsakiya zai nema. Yaya ya shigo yana mutsuka ido. Malam ya ce, "Ƙaninka ya ji sanyi ya yi wauta, wannan yarinta ce. Kai kuma ka ga ɓarna, ba ka gyara ba, ba ka faɗa ba, sai ka mai da ita abin ci. Ka san sunan wannan? Cin hanci." Bai taɓa shi ba. Hukuncin da ya yanke shi ne Yaya zai biya ƙosai goma sha ɗaya, guda-guda kamar yadda ya karɓa, kuma shi zai riƙa tashi tare da ni yana tura kara a murhu har sanyi ya wuce. Na tsakiya kuwa washegari Malam ya tsugunar da shi gabansa, suka yi alwalar tare gaɓa-gaɓa, da dare kuma na narka man kaɗanya na cika fason na sa masa safa.

Matsalar itace ita ma shinkafa ce ta warware ta. Da mai jakin ya sake biyowa na aika Yaya ya tambaye shi ko zai karɓi shinkafa maimakon kuɗi. Ko musu bai yi ba, shi ma gidansa ci ake yi. Muka daidaita a kan kwano biyu na gyararriya, ya sauke kaya guda. Na ware wata tsohuwar tukunya don ruwan asuba kawai. Abu ɗaya da na ƙi, duk naci irin na Yaya, shi ne shigar da kaskon gawayi ɗakinsu. Annabi ya hana a kwanta a bar wuta a gida, kuma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashewa ba tare da mutum ya farka ba.

Inna, mahaifiyar Malam, ita ce ba ta ji daɗin tsarin ba. Tana zaune bakin ƙofarta da carbi ta ga butoci jere a gefen murhu, ta ce, "Wanga sanyi har wani sanyi na? Mu da munka tashi, gulbi muka zuwa ɗibar ruwa da duhu. Ku dai lalata ɗiyan ga." Ta juya kan na tsakiya, wanda take kira mijinta, ta ce ita ba ta zama da miji ragon maza, ya sake ta kawai. Na ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Inna," na ci gaba da abin da nake yi. Malam ma kwana biyun farko daga randa ya kamfata, wai shi ya saba. Rana ta uku na fito na tarar da butarsa a layi, ban tambaya ba, shi ma bai yi bayani ba.

Ana haka wata asuba, ranar da hazo ya sauko har ba a ganin bishiyar darbejiyar ƙofar gida, sai ga na tsakiya ya dawo madafi da wata buta ta ƙarfe wadda duk gidan an san mai ita.

"Mama, Inna ta ce a zuba mata kaɗan. Ta ce in gaya miki ba don sanyi ba ne, don gwiwarta ne."

Na cika ta fal, na ce ya riƙe da hannu biyu.

Butoci biyar ke nan kullum, itace kuma ya koma ƙarewa cikin kwana huɗu maimakon sati. Buhun da nake ɗiba ina biyan mai jaki, ashe Inna ta san iya inda ya tsaya tun ranar da aka kawo shi, har zare ta ɗaura a wurin. Yadda muka kwashe da ita ranar da ta ɗaga buhun ta ji nauyinsa, da yadda maganar ta kai har gaban yayan Malam, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.