Ƙwallon dabino a kan (3, 2)

Jiya bayan sallar isha'i ƙanwata ta zo da littafin lissafi, fuska a murtuke. "Yaya, wannan juya ɗigon ya ƙi shiga kaina." Na ɗauko gawayi, na ja layi biyu a simintin tsakar gida, na kwance shi ne x, na tsaye y. Na ajiye ƙwallon dabino a (3, 2): taku uku dama, biyu sama daga mahaɗar layukan.

Gusarwa ba ta ba mu wahala ba. Ƙara 4 a x, ƙwallo ya koma (7, 2). Madubi ma haka: daga (3, 2), in layin y ne madubin, 3 ta zama -3, biyun tana nan daram.

Juyi ne ya riƙe mu. An sa su haddace cewa juyin digiri 90 saɓanin tafiyar agogo yana mai da (x, y) zuwa (-y, x), amma ba a nuna musu dalili ba, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Na danne bakin zare da yatsa a mahaɗar layukan, ta ja ɗaya bakin zuwa ƙwallon, na ce ta juya kwata guda. Zaren bai ƙaru ba, bai ragu ba. Taku ukun da ke kwance suka miƙe sama, biyun da ke tsaye suka kwanta hagu. Ta ƙirga: (-2, 3).

Ta yi shiru, ta sake juyawa da kanta, ta samu (-3, -2). Gobe faɗaɗawa za mu shiga, sai na nemo roba mai miƙewa.